Me Ya Sa Giyar Jif 'Yar Beljiyam Ke Mutuwa Watanni Kaɗan Bayan Saye?

Mutum ya daɗe yana tara kuɗi, ya sayi jif wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, fenti na sheƙi, kujeru ba tabo, inji na kaɗawa lafiya lau, amma bai cika wata huɗu yana hawa ba sai wata safiya ya saka giya, ya taka totur, inji ya ɗauki kuka, mota kuwa ta ƙi motsawa daga inda take. Daga nan sai gardama ta ɓarke a gareji da majalisa. Wasu su ce dillali ne ya cuce shi, wasu su ce bakaniken da ya canza man giya ne ya kashe ta, wasu kuma su yanke hukunci cewa motar otomatik ba ta ƙasarmu ba ce tun asali. Kowane ɓangare yana da ɗan guntun gaskiya a hannunsa, sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ba a cika yin ta ba: shin giyar ta mutu ne a ranar da motar ta tsaya, ko kuwa ta daɗe tana jinya tun kafin ta hau jirgin ruwa? Tun da darajar naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin giyabos ya zama abin da zai iya girgiza gida guda, don haka ya kamata a fahimci lamarin da kyau.

Mece ce giyar otomatik, kuma me ake nufi da ta mutu?

Inji yana juyawa da sauri sosai, tayoyi kuwa suna bukatar ƙarfi mai yawa a lokacin tashi da gudu mai yawa a kan doguwar hanya, kuma giyabos shi ne ke daidaita tsakaninsu. A motar manuwal direba ne ke wannan aiki da ƙafarsa da hannunsa. A otomatik kuwa mai ne ke yin sa, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta, domin suna ɗaukar man giya tamkar baƙin mai, wato abin da ke hana ƙarafa gugar juna kawai. Man giyar otomatik ayyuka uku yake yi a lokaci guda: yana ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin wata tukunyar ƙarfe da bakanikai ke kira kwambata, yana matse faya-fayen kuloci da ake kira faiba domin a shiga giya ta ɗaya ko ta biyu ko ribas, sannan yana kwashe zafi ya kai shi lagireto ya huce. Akwai famfon da ke tura man, akwai wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa wanda ke rarraba shi, akwai makunnan lantarki da ake kira solenoyid masu buɗe hanyoyin da rufe su, sannan a saman duka akwai kwamfutar mota, wadda aka fi sani da birenbos, tana ba da umarnin lokacin canji.

Idan aka ce giya ta mutu, ana iya nufin abubuwa mabambanta waɗanda kuɗin gyaransu bai ma kusanci juna ba. Wani lokaci faiba ce ta cinye, sai mota ta riƙa zamewa, inji na ƙara amma gudu bai ƙaru ba. Wani lokaci solenoyid guda ne ya maƙale, ko wata na'urar auna gudu ta daina aika saƙo, sai kwamfuta ta kulle motar a giya ɗaya, galibi ta uku, domin ta kare giyabos daga ƙarin ɓarna har a isa gareji. Wannan kullewar ba mutuwa ba ce, kariya ce, amma na sha ganin an sauke giyabos sukutum saboda ita.

Motar tana zuwa da tarihinta

Sunan da muke kiran waɗannan motoci, 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano ko tokumbo, yana nuna hanyar da suke biyowa ne kawai, bai faɗi komai game da rayuwar da suka yi ba. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin da aka yi amfani da su kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Yawancin jif-jif ɗin da ke yawo a Kano da Kaduna da Abuja, irin su Highlander da RAV4 da Pilot da Lexus RX, daga kasuwar Amurka da Kanada suke fitowa, da dama daga cikinsu ta hanyar gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye.

Ya kamata mai saye ya tambayi kansa dalilin da ya sa Ba'amurke ya rabu da motarsa. A can kuɗin aikin bakanike yana da tsada ƙwarai, don haka idan mota ta haura mil 150,000 kuma giya ta fara jinkirin shiga da safe, lissafi yakan nuna wa mai ita cewa sayarwa ta fi gyara. Wato wani kaso na motocin da ke zuwa mana an sayar da su ne daidai lokacin da alamun ciwon suka fara bayyana. Ga kuma al'adar jan tirela ko kwalekwale da jif a can, aikin da ke dafa man giya ba tare da ya bar tabo a jikin mota ba. Motocin ambaliya sun fi haɗari: bayan guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a watan Agustan 2017, dubban ɗaruruwan motoci ne suka nutse, kuma ruwa idan ya shiga giyabos yakan ɓata gam ɗin da ke riƙe faiba, ta yadda motar za ta iya tafiya lafiya na wasu watanni kafin faibar ta saɓule. Sai kuma mayar da mita baya, abin da ya zama ruwan dare, har motar da ta yi mil 220,000 ta iso wurin dillali tana nuna 95,000.

Jif-jif ɗin da aka san su da wannan ciwo

Wasu matsalolin daga masana'anta suke, kamfanonin da kansu sun amsa, kuma abin takaici ne a ce mai mota a Gusau ko Maraɗi yana ta asarar kuɗi a kan abin da aka riga aka rubuta shekaru da dama da suka wuce.

RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ita ce misalin da ya fi taɓa ni. Motar takan fara buga giya da ƙarfi kamar an daki bayanta, ko ta tashi da giya ta uku tana jan ciki, duk wanda ya ji zai rantse cewa giyabos ne ya lalace. Alhali tushen ciwon yana cikin kwamfutar da ke bayan aljihun gaban fasinja, wadda ke aika umarnin da bai dace ba, har Toyota ta tsawaita garantin wannan ɓangare zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wani maƙwabcina mai irin wannan mota ya canza giyabos har sau biyu cikin shekara guda, kowane sabo ya yi 'yan makonni ya fara bugawa, kuma a kowane karo ana ce masa bai yi sa'ar kaya ba ne. Sai da wani yaro mai aikin lantarkin mota ya ciro kwamfutar ya ce a sake ta, sannan ciwon ya tsaya, bayan lalatacciyar kwamfutar ta riga ta cinye giyabos biyu masu lafiya.

Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 nasu ciwon daga lagireto yake tasowa. Bututun da ke sanyaya man giya yana ratsawa ta cikin lagireto, idan ya tsage sai ruwan inji ya gauraya da man giya, man ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama madara. Nissan ta tsawaita garantin lagireton zuwa shekara 8 ko mil 80,000 a 2010. Duk wanda ya canza giyabos a wannan mota bai canza lagireto ba, ya sayi mutuwar sabon giyabos ɗin da kuɗinsa. Honda ma a 2004 ta yi kiran a dawo da Pilot ta 2003 da 2004, da Acura MDX ta 2001 da 2002, saboda mai ba ya isa ga giya ta biyu yadda ya kamata, har haƙoranta su yi zafi su karye. Lexus RX300, wadda mutanenmu ke ƙauna matuƙa, an san giyarta da gajiya da wuri, musamman mai jan ƙafa huɗu.

Murano kuwa giyarta ta daban ce gaba ɗaya. Irin da ake kira CVT ce, babu hawa-hawan giya a cikinta, sai wani bel na ƙarfe da ke gudana tsakanin gargare biyu masu buɗewa da tsukewa. Tana da taushin tafiya da sauƙin shan fetur, amma ba ta jure zafi da nauyi, kuma Nissan ta ninka garantin irin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Zuba mata man giyar otomatik na gama-gari a madadin nata, wato NS-2 ko NS-3 gwargwadon shekarar motar, yana sa bel ɗin ya riƙa zamewa yana kankare gargaren, ɓarnar da ba ta gyaruwa da canjin mai.

Abin da mu muke ƙara mata

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan ƙasar da motar ta fito. Babban makashin giyar otomatik zafi ne. Man yana aiki da kyau a wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, idan ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, robobin da ke tare mai su bushe su taurare, matsin ya ragu, faiba ta fara zamewa, zamewar kuma ta haifar da ƙarin zafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin iska kaɗai ke wuce digiri 40, jif mai cike da mutane da kaya, na'urar sanyi a kunne, tana rarrafe cikin cunkoso ko tana haƙilo a cikin yashi, lagireto mai ɗan toshewa ba zai iya huce inji da giya tare ba. Yawancin masu mota ba su san cewa lafiyar lagireto lafiyar giya ce ba, shi ya sa ake zuba masa ruwan rijiya mai sa tsatsa har ya ci bututun ciki.

Akwai kuma ɗabi'un tuƙi da muka gada daga motar manuwal. Direba ya dawo da ribas, motar ba ta gama tsayawa ba ya jefa ta gaba. Wani ya saka firi a gangara don ya rage shan mai, sannan ya mayar da giya yana cikin gudu. Mafi muni shi ne jan mota da igiya idan ta mutu a hanya, domin famfon man giya da inji yake juyawa, idan inji a kashe yake kuma tayoyi na juyawa, ƙarafan ciki suna gudu ne a bushe. Doguwar tafiya a haka tana iya gamawa da giyabos mai lafiya, kuma kuɗin janwe bai kai asarar ba. A jif mai jan ƙafa huɗu, haɗa tayoyi masu bambancin girma, sabuwa a gaba tsohuwa a baya, yana sa na'urar raba ƙarfi ta riƙa aiki ba hutu.

Sai batun mai. Kowane kamfani yana da irin nasa: Toyota tana da T-IV a tsofaffin motoci da WS a na baya-baya, Honda tana da Z1 wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Ja duk ja ne a ido, amma santsinsu da yadda suke kama faiba ba ɗaya ba ne. A kasuwa kuwa jabun mai ya yi yawa, ana ɗura shi cikin galan mai tambarin kamfani.

Taƙaddamar canza man giya

Wannan ita ce gardamar da ta fi zafi. Bakanikai da yawa suna cewa kada a taɓa man giya, domin sun ga motocin da aka canza wa mai suka daina tafiya bayan kwana biyu. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ke da gyara. A giyar da faibarta ta riga ta cinye, garin faibar da ke yawo a cikin tsohon mai yana ba shi ɗan kaushi da kauri, wanda ke taimaka wa faya-fayen su ɗan kama juna. Idan aka zuba sabon mai mai tsabta, wannan ɗan taimako ya tafi, zamewar ta fito fili. Sabon man bai kashe giyar ba, ya dai tona abin da ke ɓoye. Sau da yawa ma mai motar bai tuna da canjin mai ba sai da ya fara jin alamun ciwo, wato bayan lokaci ya ƙure.

Ɗaya ɓangaren kuma yana kafa hujja da cewa wasu kamfanoni sun rubuta cewa man na tsawon rayuwar mota ne, har suka cire sandar awon mai daga sababbin motoci. Sai dai rayuwar da kamfani ke lissafawa ba ta kai shekara ashirin a zafin Sahel ba, kuma littattafan motocin da kansu sukan ware jadawali na daban ga mota mai aiki cikin ƙura da zafi da nauyi, wanda shi ne halin da muke ciki kullum.

A ganina man da kansa ne ya kamata ya raba gardama. A zaro sandar, a ɗiga a kan farar takarda, a duba a rana, a kuma shinshina. Idan ja ne ko ya ɗan yi ruwan ƙasa kuma babu ƙauri, a sauke a zuba irin wanda kamfani ya rubuta, a kuma riƙa maimaitawa bayan kowane kilomita 40,000 zuwa 60,000. Saukewar da ake yi ta ƙasa ba ta fitar da duka man, kusan sulusi zuwa rabi kawai take fitarwa, sauran yana cikin kwambata, kuma wannan sauyi na sannu a hankali ya fi aminci ga tsohuwar mota a kan wanke ta da injin matsi. Idan kuwa man ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko aka kwance farantin ƙasa aka ga maganaɗisun da ke ciki ya tara ɓarɓashin ƙarfe masu kama da ƙaya maimakon laushin toka, to babu man da zai dawo da abin da ya cinye, sai a fara shirin gyara.

Canji ko gyara?

A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, amsar da aka fi bayarwa ita ce a sayi giyabos na Beljiyam a ɗora. Dalilin a fili yake: ya fi sauri, masu iya kwance giyar otomatik su mayar da ita daidai ba su da yawa, kuma aikin yana bukatar tsabtar da garejin da ke fili cikin ƙura ba zai iya bayarwa ba, tunda ƙwayar yashi guda tana iya toshe hanyar mai. Amma giyabos na Beljiyam shi ma daga tsohuwar mota aka ciro shi, babu wanda ya san nisan da ya yi, kuma garantin 'yan kwanaki da mai kaya ke bayarwa yakan ƙare kafin ciwo ya bayyana. Wani lokaci ma wanda aka yi amfani da shi a nan gida ne aka wanke da fetur aka jera a cikin na waje.

Ko wanne aka zaɓa, bai kamata a sauke giyabos ba sai an sa wa motar na'urar bincike. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da wurin jona wannan na'ura a ƙarƙashin sitiyari, kuma lambobin da suka fara da P07 galibi na giya ne. P0741, alal misali, tana nuni ga kulocin cikin kwambata ne, ba ga dukan giyabos ba. Idan canjin ya zama dole, sai a tabbatar lambar giyabos ɗin ta dace da ta motar, a zo da kwambatarsa, a wanke bututun sanyaya mai ko a sake shi domin kada dattin tsohon ya shiga sabon, a kuma nemi sanin abin da ya kashe na farkon.

Tsakanin mai saye da dillali

Dillalai sukan ce su ma ba su buɗe cikin giya sun gani ba, kuma mota ta hannu yadda aka gan ta haka ake sayenta. Akwai gaskiya a nan idan ciwon ɓoyayye ne ga kowa. Amma akwai bambanci tsakanin rashin sani da ɓoyewa: wanda ya goge lambobin kwamfuta da safe kafin mai saye ya iso, ko ya zuba maganin da ke kaurara mai don zamewa ta lafa na mako biyu, ko ya mayar da mita baya, ya san abin da yake yi. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. A ɓangaren hukuma akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita. Matsalar ita ce hujja, domin yawancin cinikin mota da baki ake ƙulla shi, kuma bayan wata uku da wuya a tabbatar ko ciwon tsoho ne ko a hannun mai saye ya samu. Rubuta sharaɗi a takardar ciniki, ko da na mako biyu ne a kan inji da giya, a gaban shaidu, yana rage wannan rigima sosai, kuma yadda dillali ya karɓi maganar sharaɗin ma yana gaya wa mai saye wani abu.

Kafin a biya kuɗi

Kusan kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma idan daga Amurka ko Kanada ta fito, ana iya bincika tarihinta da wannan lamba ta kamfanoni irin su Carfax a ga nisan da aka rubuta mata na ƙarshe, da ko inshora ta taɓa yanke mata hukuncin haɗari ko ambaliya.  Sannan a je wurin motar da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, domin giya mai ciwo a sanyi take fara tona kanta: a taka birki, a saka gaba, a saka ribas, idan ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta kama, ko ta kama da bugu, akwai magana. Zagayen layi ɗaya da dillalai ke yarda da shi ba ya isa, sai an yi tafiyar aƙalla rabin awa har man ya yi zafi sosai, an hau babban titi an ji shigar kowace giya, an tsaya a hawa an sake tashi. A dawo a sa na'urar bincike bayan tafiyar, ba kafinta ba, saboda lambobin da aka goge sukan dawo idan mota ta yi aiki, sannan a leƙa ƙarƙashinta a ga ko jan mai na ɗiga a inda giyabos ya haɗu da inji.